Jar Miya a Bayan Tashar Madawa

Ku da kuke leƙowa madafar nan ku ce ai wannan ba komai ba ne, ƙulli ne a cusa masa nama a jefa a ruwan zafi, to ku ɗauki finjali ku yanka mini guda. Ku liƙe bakinsa, ku jefa. In ya taso bai fashe ba, naman bai watse cikin tukunya ba, sannan mu yi magana. Ni sai da na ga damina biyu a gidan nan kafin a bar ni in taɓa ƙullin.

Sunana Ila. Ƙauyenmu yana gefen Azarori. Shekarar da na zo Madawa gero bai yi ba, na fito da niyyar wucewa cin rani bakin teku kamar sauran samarinmu, sai na tsaya dakon albasa a tasha don in haɗa guzuri. Wata safiya wata baturiya doguwa, ta ɗaura ɗankwali irin na matanmu, ta sayi buhu ta ce in kai mata. Na bi ta lungun bayan tasha, muka tsallake lambatu, muka shiga wata ƙofar langa-langa da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Ciki rumfar kwano ce, tebura sun karkace an tokare ƙafafunsu da murafen kwalba, bango ya yi baƙi da hayaƙin taba. A kusurwa akwai wani ɗan dakali na siminti da tabarma a kai. Wannan shi ne wurin da kowa ke kira Gidan Madam, mashaya ce, ba wani abu ba.

Sunan baturiyar Halina, mutanen gari suka mayar da shi Madam Halima. Ƴar ƙasar Yukren ce. Mijinta, Mushe Sahabi (mushe shi ne malam da Faransanci), ɗan garin Buza ne, ya yi karatun noma a can lokacin Tarayyar Sobiyet, ya dawo da ita. Shi yana aikin raya ƙasa a wajen Keita, yana zuwa ƙarshen mako, ita kuwa zaman banza ya ishe ta ta buɗe wurin nan. Hausarta a karkace take har ta mutu. Namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai.

Da na sauke buhun, ta miƙo mini wuƙa da albasa guda ta ce in yanka. Na yanka yadda nake gani ana yi wa mai tsire. Ta duba, ta girgiza kai, ta ce in dawo gobe. Na ce mata ni Musulmi ne, ba na taɓa kwalba, ba na taɓa naman alade.

"Ke tukunya, ni kwalba," in ji ta. "Alade babu nan."

A kan haka muka zauna, kuma ba ta taɓa saɓawa ba.

Aikina na farko albasa da shu, ganyen nan mai dunƙulewa da ake nomawa a lambunan rani. Shu ana yanka shi siriri kamar zaren buhu. In ya yi kauri sai ta kwashe da hannu ta mayar mini kan katako. Wuƙar da nake aiki da ita har yau wani maƙeri a Buza ya ƙera ta daga ƙarfen sifirin ɗin mota, Mushe Sahabi ya kawo. Ta yi nauyi ga baƙon hannu, amma ba ta neman wasa sai jefi-jefi. Abin goge beterabu kuwa, wato jan gwazan nan da ke ba miya launinta, gwangwanin tumatir ne muka buɗe muka huda da ƙusa. Na kanti da aka kawo mata daga Yamai bai yi wata ba ya lanƙwashe. Muciyar murza ƙulli guntun taɓarya ce da aka sassaƙe. Da'irar kuma finjalin shayi ke fitar da ita, babu abin da ya kai shi daidai.

Jar miya, wadda ita take kira borsh, ita ce uwar aikin. Ku kuna ganin ja ce kawai. Ranar da aka fara bari na in dafa ta ni kaɗai, na zuba beterabu cikin romo tun farko na bar shi yana tafasa. Da na buɗe murfi sai na ga miya ta koma launin ruwan gulbi. Madam ta zo ta duba, ta ɗauki tukunyar ta ajiye gefe ta ce abincinmu ke nan ni da ita har ta ƙare. Sannan ta nuna mini. Ana soya shi daban a kasko da ɗan mai, a matsa masa lemun tsami tun yana ɗanye, tsamin ne ke kama jan ya riƙe. Ba ya shiga tukunya sai ƙashi ya gama ba da abin da ke cikinsa, dankalin turawa ya yi laushi, shu ya risina. In ya shiga, a janye gawayi. Daga nan miya ba ta sake tafasa, numfashi kawai take yi.

A ƙasarsu, in ji ta, miyar nan sai ta kwana take daɗi. A Madawa watan bazara miyar da ta kwana ta zama ta kaji. Saboda haka nake tashi da asuba in ɗora, ta huta cikin inuwa zuwa azahar, tukunyar a zaune cikin kaskon ruwa, an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Farin man da suke ɗigawa a kai babu shi a nan, sai muka koma ga kindirmo. Wata Bafulatana ke kawowa, mu zuba a ƙyalle mu rataye ya tsane har ya tsaya a cokali. Akwai kuma wani ganye mai laushi kamar gashi, mai ƙamshi, da Madam ke shukawa a tsagaggun jarkoki bayan madafa. Da hannunta take ba shi ruwa, ba ta yarda kowa ya yi mata.

Ƙullin da kuke rainawa sunansa wareniki, amma direbobi suka sa masa kunnuwa, sunan ya bi shi. Garin alkama, ruwa mai ɗumi, gishiri, ƙwai in akwai. Wuyar ba a haɗin take ba, a iskar garin nan take. Ka murza ka juya ka ɗauko nama, kafin ka waiwayo gefen ya bushe, ba zai liƙu ba. Dole ka yanka kaɗan, ka rufe sauran da ɗanyen ƙyalle, ka yi sauri ba tare da gaggawa ba. Babban yatsa da manuni ke tafiya a bakin, suna naɗewa kamar mai dajiyar tabarma. Madam tana yi tana kallon wani wuri. Ni na daɗe ina yi da harshe a waje.

A bakin murhu ba ta yi mini Hausa ko Faransanci. Yarensu ke fitowa. Da haka na riƙe ƴan kalmomi: sil gishiri, woda ruwa, dosit ya isa. Abin da na sani na yaren ke nan, sai sunayen abinci da wata kalma da take faɗi in ta ƙone, wadda Mushe Sahabi ya ce kada in maimaita.

Masu zuwa gidan iri-iri ne, amma duk baƙi ne a garin. Direbobin manyan motocin albasa da ke jiran lodi. Magina ƴan Togo da Benin. Malaman lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga nesa, jandarmomin da iyalinsu ke wani gari. Kowa ya zo shi kaɗai ya zauna teburinsa. Ran Lahadi bayan sujada ma'aikatan asibitin mishan sukan zo, su ba sa shan giya, lemon kwalba suke sha, su ci kunnuwa su tafi tun rana na sama. Da farko direbobi ba sa son jar miya, sun ce miyar da babu tuwo ba abinci ba ce. Wani ya taɓa aiko mini da tambaya ko jini ne aka zuba. Sannu a hankali suka saba, suna tsoma burodi.

Ni ba na fita rumfa. Akwai taga ƙarama a bangon madafa, ta nan nake miƙa faranti, ta nan yake dawowa. Hannuwa na sani, ba fuskoki ba. Na san direban da yatsansa guda ya guntule, na san malamin da alli ba ya barin farcensa. Faranti in ya dawo shi ke gaya mini yadda aka yi. Wanda ya ture shu gefe, gobe in rage masa.

Kiɗa ma ta tagar nake jin sa. Dakalin nan na kusurwa na Nomau ne, mai gurumi, mutumin wajen Keita. Yakan zo bayan la'asar ya zauna ya ɗaure tsirkiya, ya fara a hankali tun babu kowa. Ba ya yi wa kowa kirari a gidan nan, don babu wanda ya san kakan wani. Waƙoƙin tafiya yake yi, da na waɗanda suka je bakin teku ba su dawo ba. Wata rana babu baƙi Madam ta tsaya tana goge kofuna tana gunjin wata waƙar ƙasarsu a maƙogwaro. Nomau ya bi ta da gurumi, ya ɓace, ya sake kamawa. Ta ce ba haka ba ne, ya ce tsirkiyarsa ba ta da wannan hanyar. Suka yi ta ja har suka haɗu a tsakiya. Daga ranar kullum da ita yake buɗewa, direbobi suna tsammanin tsohon kiɗan yankinmu na Adar ne.

A ƙauye an san inda nake aiki. Babu wanda ya tare ni da magana. Da wata salla na kai wa kawuna kunnuwa cikin kwano, na yi su da naman ragon layya, a tukunyar gida. Ya yi godiya, ya sa aka ajiye. Da zan koma Madawa na tarar da kwanon a bakin zaure yadda na kawo shi. Na ɗauka na tafi. Ban sake kaiwa ba. Ina zuwa noma da damina, in gaida kowa, kowa ya amsa.

Muguwar shekara ta zo mana a jere. Mushe Sahabi ya kwanta ƴan kwanaki ya rasu, aka kai shi Buza. Ɗansu guda ne, yana wata ƙasa mai nisa, ya zo ya koma. Sannan hanya ta mutu, manyan motoci suka daina tsayawa, magina suka tattara suka tafi. Rijiyoyin lambu suka ja baya, beterabu ya fito ƙanana kamar goro, ciki fari-fari. Zafi ya ƙone ganyen Madam a jarkokinsa tun bai yi iri ba, kuma babu inda za a samo wani. Ina dafa rabin tukunya, ta kai yamma ba a taɓa ba, in raba wa masu gadin tasha. Nomau yana zuwa duk da haka, ya yi wa kujeru kiɗa, in miƙa masa faranti ta taga.

A cikin wannan hali yaƙi ya tashi a ƙasarta. Tana da ƙanwa a can, suna waya duk mako. Wata rana wayar ta daina shiga. Madam takan zauna kan turmi a bakin madafa bayan azahar, ta latsa, ta kara a kunne, ta sauke. Ta sake latsawa. Na ce mata, "Madam, ko ki tahi wajen ɗanki ki huta?"

"In tafi, wa ya san ni can?" in ji ta. "Nan ma ke da Nomau. Yanka albasa."

Na yanka albasa.

Wata safiya tana murza ƙulli muciyar ta suɓuce daga hannunta ta gangara ƙarƙashin tebur. Na duƙa in ɗauko, na ɗago na ga bakinta ya karkace. Ni da Nomau muka samo mota muka kai ta asibitin mishan. Suka karɓe ta hannu biyu, da yawansu sun ci abincinta. Ta farfaɗo, amma ɓarin jikinta ya mutu, kuma Hausa da Faransanci duk sun fita daga kanta. Yarensu kaɗai ya rage. Takan kama hannun mai jinya ta yi ta magana mai tsawo, da tambaya a ciki, ta jira amsa. Babu mai amsawa. Aka kira ɗanta a waya, shi ma ɗan kaɗan ya iya, ya yi kuka ya ce yana neman hanyar zuwa. Masu jinya suka juyo gare ni. Na saurara iyakar iyawata. A cikin magana mai yawa woda kawai na tsinta, na ba ta ruwa ta kau da kai. Ba ruwan sha take nufi ba, wataƙila wani kogi ne, ban sani ba.

Ta ƙi cin komai. Kunu, shayi, romo, duk ta rufe baki. Wata mai jinya, Ladi, ta ja ni gefe.

"Baba, in ba ta ci ba, ba ta kai mako. Ka dafo mata abin da ta sani. Amma kar ka sa gishiri, jininta ya hau."

Na koma Madawa na zagaya kasuwa da lambuna har na sami beterabu mai ɗan ja wajen wani tsoho a bakin fadama. Na kashe wuta da wuri, na tace ƙashi, na murƙushe dankalin don ya wuce maƙogwaro. Na zuba a kwanon sha mai murfi, na naɗe da zane, na riƙe a cinya cikin motar haya don kada ya zube.

Da na buɗe murfin a ɗakin ta juyo da kai. Ladi ta tallafe ta, na ba ta cokali guda. Ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta dube ni sosai, irin duban da take yi mini in na yanka shu da kauri.

"Sil," ta ce.

Ladi ta ce, "Mi ta ce?"

"Ta ce babu gishiri."

Ladi ta dubi ƙofa, ta fita. Ta dawo da ɗan gishiri a tafin hannu ta barbaɗa da kanta. Madam ta sha kusan rabin kwano, sannan ta ce dosit, ta rufe ido.

Haka na yi ta kaiwa, ina dafawa da asuba in bi motar farko. Tana sha, ta yi ta yi mini magana, ni kuma in ce to, to. Ba ta tashi ba. Ta rasu kafin ɗanta ya iso. Aka binne ta a maƙabartar Kiristoci kusa da asibitin. Fasto, da Ladi, da ƴan ma'aikata kaɗan suka yi addu'arsu. Ni da Nomau muka tsaya daga baya. Ya zo da gurumi a rataye cikin buhunsa, bai fito da shi ba.

Ɗan ya bar wurin a hannun wani ɗan Benin, shi ne maigidan da kuka sani yanzu. Ya sa koriyar fitila, ya kawo masu jita ran Asabar, ya bar wa Nomau sauran ranaku. Ya ce in ci gaba da abin da na saba, tunda an san gidan da shi. Hanya ta farfaɗo, direbobi suka dawo. Aiki bai canza ba, sai abu guda. A da, in na gama miya akwai wadda za ta ɗanɗana ta ce ta yi ko ba ta yi ba. Yanzu duk garin nan babu wanda ya san yadda ya kamata ta kasance. In na yi daidai a cinye, in na yi kuskure a cinye.

Bara, wata ranar kasuwa da la'asar, faranti ya dawo ta taga da saƙo, wai wani baƙo na son ganin kuku. Na wanke hannu na fita. Wani dattijo ne da farin gemu da tabarau, ya zauna shi kaɗai a teburin da ke kusa da dakali, hularsa a gwiwa, ga lemon kwalba bai buɗe ba. Nomau yana kiɗa a hankali. Dattijon ya ce shi likitan dabbobi ne a Keita, ya yi ritaya. Ya yi karatu a ƙasar Madam tun yana saurayi. Wani direba ne ya ba shi labarin jar miya, ya kasa yarda, ya shigo mota ya zo. Bai taɓa shiga irin wannan wuri ba a ƙasar nan, in ji shi, sai da ya wuce ƙofar ya dawo, ya sake wucewa.

"Kai ka dahwa wagga miya?"

"Ni na, Dokta."

"Wa ya koya maka?"

Na gaya masa a taƙaice. Ya tambayi inda take, na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Da na sani da na zo tun tuni," ya ce. "Waɗanda munka yi karatu da su duk sun ƙare. Na kai shekaru ban yi yaren da kowa ba. Matata ta ce in na yi barci ina yin shi."

Ya faɗi wata magana mai tsawo da yaren yana dubana. Na ce masa ni na madafa kawai na sani. Ya yi murmushi ya ce ba komai.

Na ce, "Dokta, ka gaya mini gaskiya. Ta yi?"

Ya ɗan jima yana juya cokali.

"Launi ya yi. Tsami ya yi. Kunnuwanka ko a can sai a yaba. Amma Malam Ila, tonka ta yi yawa. Can ba su sa yaji haka. Kuma na ji daddawa."

Na tsaya. Ban san ranar da na fara sa daddawa ba. Direbobi ke cewa a ƙara kaza, a ƙara kaza, hannu ya bi su da kaɗan-kaɗan.

"Ta zama miyar Adar," ya ce. "Ba laihi ba na. Ƙaro mini."

Na ƙaro masa. Ya shanye, ya sa burodi ya share kwanon. Ya saurari Nomau har ya kai ƙarshen waƙa, ya gaishe shi, ya ce zai bi motar Keita kafin magariba. A bakin ƙofa ya ce in Allah ya yarda zai dawo. Har yanzu bai dawo ba, ban kuma ji labarinsa ba.

Washegari na dafa ta babu tonka babu daddawa. Faranti suka yi ta dawowa da saura, wani direba ya leƙo ta taga ya ce ko kuku ba shi da lafiya. Maigida ya ce in mayar da ita yadda take. Na mayar. Amma tun ranar tukunya biyu nake ɗorawa, babba ta direbobi, da ƙaramar can ta gefen murhu wadda ba na bari kowa ya sa mata hannu. Wanda ya tambayi ta asali, ita za a zuba masa. Yawanci babu mai tambaya. In rana ta yi sanyi Nomau ya fara ɗaure tsirkiya, sai in juye ta a kwano, in ja turmi bakin ƙofar baya, in zauna in shanye.